Darasi na Shida: Amanar da Ke Hannun Ma'aikacin Gwamnati

Darasinmu na yau a kan mutumin da gwamnati ta ɗauka aiki ne, ta yanka masa albashi, ta damƙa masa wani abu na jama'a ya riƙe: makullin ƙofar ruwa, ko littafin rasit, ko hatimin ofis, ko ɗakin ajiyar magani, ko rajistar 'yan makaranta. A ajin nan akwai masu irin wannan aiki, akwai waɗanda 'ya'yansu ne ke yi, sauranmu kuwa da wuya wata ya fita ba mu tsaya gaban ɗayansu da wata buƙata ba. Saboda haka maganar ta shafi na bayan tebur, ta kuma shafi na tsaye a gabansa. Ku karanta a hankali. Inda kuka ga abin ya zo daidai da wani abu da ya faru a ƙauyenku, ku tsaya ku tattauna, amma ban da kama suna.

Ruwan da ya taso daga Sinnar

Mu fara da ruwa, don shi kowa ya sani a Jazira. An gama madatsar Sinnar a 1925, a shekarar kuma aka buɗe babban aikin noman ban ruwa da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Da aka ƙara masa yankin Managil tun daga ƙarshen shekarun 1950, faɗinsa ya haura fadan miliyan biyu. Gangaren ƙasa ne ke tafiyar da ruwan daga kudu zuwa arewa. Yana fita daga madatsa ya shiga babbar tur'a, ya rarrabu zuwa manyan rassa, daga nan zuwa ƙananan tur'o'i, ya bi bututu ya faɗa Abu Ishirin mai shayar da nimra guda ta fadan 90, sannan Abu Sitta ya kai shi cikin hawasha, wato gonar manomi. A kowace mararraba akwai ƙofa, kowace ƙofa kuma ɗan Adam ne ke buɗe ta, shi ke rufewa.

A tsarin da iyayenmu suka tarar, mufattish ne ke lissafa ruwan da yankinsa ke buƙata ya aika wa injiniyoyin ban ruwa, gafir ya buɗe ƙofa gwargwadon abin da aka rubuta, samad kuma ya tsaya a kan nimrarsa ya ga kowace hawasha ta sha a ranarta. Shuka na jiran ruwa kusan kowane mako biyu. An sha sauya tsarin. Kamfanin Turawa ne ya fara gudanar da aikin, a 1950 ya koma hannun Hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat kusa da Madani, dokar 2005 ta miƙa kula da ƙananan tur'o'i ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, daga baya aka sake gyara. Sunan mai makulli ya canza, mai biyansa ya canza, amma har gobe da mutum a bakin ƙofa.

To mu dubi wannan mutum da kyau. A ce dawa ta fara fitar da kai, ruwan sama ya ɗauke da wuri. Tur'a ta cushe da laka da ciyawa, karraka ba ta zo ta yashe ba, ruwan da ke shigowa ba ya isar kowa. Bayan sallar isha wani mai hawasha a kusa da kan tur'a ya yi masa sallama, da ledar sukari da ganyen shayi a hannu, da 'yan kuɗi a naɗe. Suka gaisa, suka tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, ka bar mana ita a buɗe daren yau kawai. Da asuba ka rufe abinka." Dare ɗaya ne. Ba mai gani. Mai roƙon ma ba baƙo ba ne, sahu ɗaya suke tsayuwa a masallaci.

Sai dai ruwan tur'a a ƙididdige yake. Abin da aka ƙara wa na kai, daga rabon na wutsiya aka yanko shi. A can wutsiyar akwai wani mutumin kambo, wato zangon 'yan ƙwadago, da ba shi da hawasha, yana noma ta wani a kan a raba amfani. Ya ci bashin iri da taki. Ranar ruwansa ta zo, ya fita da fartanya tun duku-duku, ya tarar Abu Ishirin laka ce zalla. Ƙasa ta tsattsage har hannu na shiga, ganyen dawa ya nannaɗe, ya yi fari-fari. Ya jira kwana uku, ya jira biyar. Da ruwan ya iso, zangarniya ta riga ta fita ba ƙwaya. Wannan bawan Allah ba zai taɓa sanin abin da ya faru a daren nan ba. Zai ce ƙishirwa ce ta bana, ya sayar da akuyar matarsa ya biya bashi, babban ɗansa ya bar makaranta ya tafi neman kuɗi.

Gafir bai fasa ɗakin kowa ba, bai ɗauki buhun kowa ba, ƙila ma a ransa taimako ya yi. Duk da haka abincin shekara na gida guda ya salwanta ta hannunsa. Kan wannan darasin ya ginu: abin da ke hannun ma'aikaci ba nasa ba ne, kuma duk alfarmar da ya yi da shi, akwai wanda ya biya, ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Mu da yawancin danginmu ke zaune a kanabi, wato irin waɗannan zangogi na kambo, suna cirar auduga da yankan dawa a gonakin wasu, sau da yawa mu ne wannan mai biyan.

Lissafin da ba a nuna wa mai shi ba

A da, shekara da shekaru ana raba kuɗin audugar Jazira kashi uku: manoma 40 cikin 100, gwamnati 40, kamfani 20. Ana kuma cire wani abu daga rabon manoma a zuba a asusun ajiya saboda shekarar da farashi zai faɗi. A 1946 labari ya bazu cewa kuɗin asusun sun haura fam miliyan ɗaya, alhali yawancin manoma ba su da masaniya a kai. Suka haɗa kai suka ce ba za su yi shuka ba sai an ba su kuɗinsu. Sai da aka fitar da wani kaso aka raba, aka kuma kafa majalisar wakilan manoma, sannan ƙura ta lafa. Ku lura, kuɗin nan suna nan, ba a ce an sace su ba. Laifin shi ne an riƙe dukiyar mutane ba a zaunar da su an yi musu bayani ba. Wanda ya ɓoye lissafi, ko hannunsa a wanke yake, ya buɗe wa zargi ƙofa.

Shekara goma bayan haka abin ya zo da jini. A watan Fabrairu na 1956, 'yan makonni da samun 'yancin kai, manoman Joda da ke bakin Farin Nilu suka ƙi miƙa audugarsu sai an nuna musu lissafi an biya su haƙƙinsu. Aka yi arangama, aka kama ɗaruruwa, aka cusa su ɗaki guda marar iska a barikin Kosti aka kulle. Kafin gari ya waye kusan mutum 200 sun rasu. Waɗanda ke riƙe da makullin ɗakin nan ma'aikatan gwamnati ne. Rai ma amana ce a hannun ɗan sanda da gandiroba da ma'aikacin asibiti, kuma ta fi kuɗi nauyi nesa ba kusa ba.

A rayuwar yau da kullum, lissafi a bayyane sunansa rasit. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan gwamnati, na kasuwa ne, na lasisi, na fili, na tara, to a kan urnik 15 ake karɓarsu, wanda Ma'aikatar Kuɗi ta mayar na na'ura a 2015 domin kuɗin su shiga baitulmali kai tsaye. Mai karɓar haraji da ya yago takarda daga littafin makaranta ya rubuta maka lamba, ko ya ce rasit ya ƙare ka dawo gobe, ko ya ce kuɗin dubu goma ne amma ka kawo shida a bar maganar rasit, ya fita daga aikin gwamnati ya shiga na aljihunsa. Kai kuma da ka ga rangwame ka yi murna, ka sani ba ka biya komai ba. Gobe wani zai zo da littafin gaske ya nemi kuɗin daga farko, ba ka da shaidar da za ka nuna. Ba ƙananan ma'aikata kaɗai ke wannan ba. Babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya sha kokawa a rahotanninsa kan ma'aikatu da hukumomi masu tara kuɗin shiga su ajiye a asusun gefe, abin da ake kira tajnib. Ma'aikacin kirki shi ne zai fara miƙa maka rasit kafin ka tambaya, ya nuna maka lambar da yatsa in ba ka iya karatu ba, don rasit ɗin yana kare shi kamar yadda yake kare ka.

Kyauta

Nan ne mutanen kirki suka fi zamewa, don mu mutane ne masu kyauta, kuma mayar da hannun kyauta abin kunya ne a wurinmu. Ba kasafai ake kiran abin da sunan cin hanci ba. Sai a ce na goro, ko kuɗin shayi, ko ikramiyya, a miƙa a tafin hannu ko a tura ta Bankak.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura karɓar zakka. Da ya dawo sai ya raba kayan biyu, ya ce wannan na zakka ne, wancan kuwa kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi wa jama'a huɗuba a kai, ya nuna cewa mutumin ya zauna a gidan iyayensa mana, a gani ko kyautar za ta same shi a can. Ma'aunin ke nan, kuma kowa na iya auna kansa da shi: da ba ka kan wannan kujera, da mutumin nan zai kawo maka? Maƙwabcin da kuka saba aika wa juna naman layya tun kafin ka sami aiki, malamai ba su hana kyautarsa ba, muddin bai ƙara a kan abin da ya saba ba, kuma ba shi da wata buƙata a ofishinka a lokacin. Amma ɗan kasuwar da bai san ƙofar gidanka ba sai da aka naɗa ka a kwamitin rabon taki, ragonsa ba na zumunci ba ne.

Wannan ba baƙon karatu ba ne a gidajenmu. Garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar, Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa shi, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, kuma zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa miyagun al'adun masu mulkin ƙasar Hausa na zamaninsa, ciki har da gaisuwar da ake kai wa masu iko da rashawar da ke karkatar da hukunci. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin masu mulki su san iyakarsu, ɗan Shehu, Muhammadu Bello, kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa. Mutanen da suka baro ƙasarsu da ƙafa saboda addini, bai kamata jikokinsu su zama masu miƙa hannu a ƙarƙashin tebur ba.

A ɗauki ma'aikacin Diwanin Zakka da ya je masussuka a gonakin damina na wajen Sinja ko Damazin. Abin da ruwan sama ya shayar, zakkarsa ɗaya cikin goma ce. Wanda aka sha wahalar ban ruwa a kansa, ɗaya cikin ashirin. Manomi ya samu buhu 60, zakkarsa buhu 6. Ya ja ma'aikaci gefe ya ce ya rubuta 40, ga buhu guda ya kai wa yara. Aka rubuta 40, aka karɓi 4. Manomi ya ci buhu ɗaya, ma'aikaci ya ci ɗaya, kuma dukansu biyun daga bakin marayu da gajiyayyu suka fizge. Baɗi kuma ma'aikacin ba shi da bakin cewa a'a, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kawu ya zo ofis

Ƙin kuɗi ya fi ƙin ɗan uwa sauƙi. Yaron da gari ya haɗu ya yi wa karatu, ran da ya samu kujera a mahalliyya, gari na ganin lokacin girbi ya yi. A ce ana ɗaukar malaman makaranta, jerin sunaye na hannunsa. Kawunsa ya shigo da sandarsa, aka ba shi kujera, aka kawo ruwa.

"Ɗana, ga takardar ƙanenka. Ka san halin gidan. Ka sa shi gaba, ai kowa haka yake yi wa nasa."

Akwai amsar da ke yanke zumunci, akwai wadda ke cin amana, akwai kuma ta uku, ita muke so ku koya.

"Kawu, ka fi ƙarfin komai a wurina, kai ka tsaya mini har na zama mutum. Amma jerin nan ba nawa ba ne. In na ɗaga shi sai na saukar da ɗan wani, shi ma da kawunsa. Ka bar mini takardar. Yau da dare zan zauna da shi mu cike ta yadda ya kamata, in nuna masa irin abin da ake tambaya. Kuɗin motarsa zuwa wurin tantancewa kuma ni zan ba shi. In ya ci, ba mai taɓa masa wurinsa ina raye."

Ba mu ce Kawu zai fita yana murmushi ba. Wataƙila ya yi kwanaki yana amsa gaisuwa ciki-ciki, a ce yaro ya samu wuri ya manta da nasa. Wannan ɗaci na cikin farashin amana, bai kamata a ɓoye wa mai shirin shiga aikin gwamnati ba. Abin da ma'aikaci ya mallaka, wato lokacinsa bayan tashi daga aiki, da iliminsa, da aljihunsa, ya yi zumunci da su iya ƙarfinsa. Jerin sunaye da hatimi ba sa ciki. Kuma in mai neman ɗan uwanka ne na jini, mafi tsabta ka gaya wa na gaba da kai, ka janye daga yanke hukunci a kansa.

Mun ga abin da son kai ke yi in ya zama manufar gwamnati. Bayan juyin mulkin 1989 an sallami dubban ma'aikata da sunan maslahar jama'a, aka cike guraben da 'yan tafiya, abin da aka sani da tamkin. Ofisoshi suka rasa ƙwararru, ƙaramin ma'aikaci ya koyi cewa biyayya ga wani ta fi iya aiki amfani. Wanda ya cusa ƙanensa a jerin malamai, abin nan ya yi, ƙaraminsa.

Tagar jinsiyya

Akwai tagar da kusan kowane gida a cikinmu ke da labarinta. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shardanta cewa mutum ko kakanninsa ta wajen uba sun zauna a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan Burmi, da alhazan da suka yada zango a hanyar Makka daga baya, duk wannan rana ta bar su a waje, ko da a nan aka yanke cibiyar 'ya'yansu. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. Daga 2011 kuma aka shigo da raƙam watani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda in ba ka da shi, jarrabawa da fasfo da asusun banki duk sai su gagare ka. A takarda hanya ta buɗe. A bakin taga kuwa, mutane da yawa sun ga yadda jin suna ko karin harshe ke sa a ƙara musu sharaɗi, a ce a kawo wasu shaidu, a dawo bayan wata, har mutum ya gaji ya nemi dillali.

Ma'aikacin da ya ƙara sharaɗin da doka ba ta sa ba, ko ya danne takardar mutum saboda ƙabilarsa, ya ci amana ko bai karɓi ko sisi ba. Ya kuma kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan. Yau 'ya'yanmu suna ofisoshi, akwai malamai, akwai 'yan sanda, akwai ma'aikatan lafiya. Ran da namu ya zauna a bayan tagar, ba ranar ramuwa ba ce, ba kuma ranar tsallakar da Bahaushe a bar wani yana tsaye ba ce. Rikicin da ya ɓarke a wilayar Shuɗin Nilu a watan Yuli na 2022, kan ƙasa da sarauta, ya ci rayuka da yawa, ya raba dubbai da gidajensu a yankin Rusairis da Damazin. A wurin da aka zubar da jini haka, duk takardar fili da aka sa wa hannu ana kallonta da idon ƙabila. Magatakarda ɗaya da kowane ɓangare ya yarda ba ya karkata yana kashe wutar da taron sulhu ba ya iya kashewa.

Doka, da manyan da suka ci

Dokar laifuffuka ta 1991 ta yi magana a kan rashawa a sashe na 88. Ta kama mai bayarwa, da mai karɓa ko nema, da ɗan tsakiya, da wanda ya ci moriya yana sane. Hukuncin na iya kai ɗaurin shekara biyu, a kuma ƙwace abin da aka karɓa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sashe na 177 kuma na cin amanar dukiya ne, kuma in ma'aikacin gwamnati ne aka damƙa wa dukiyar, hukuncin ya fi tsanani ƙwarai, ɗaurin na iya kai shekara 14. Akwai kuma dokar 1989 ta yaƙi da dukiyar haram da mai shubuha, wadda ta wajabta wa manyan jami'ai bayyana abin da suka mallaka. Asalin wannan tsoho ne: Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yakan sa a rubuta dukiyar gwamna ran naɗinsa, in ta ƙaru fiye da ƙima ya raba ta ya mayar da kaso baitulmali.

Wani a ajin nan zai ce doka a kan talaka take aiki, kuma yana da hujja. Ita dokar 1989 ɗin tana da ƙofar tahallul, inda wanda ya ci zai mayar da kuɗin a rufe magana, kuma mutane sun ga yadda aka bi ta wannan ƙofa. A Jazira, ƙaramin layin dogon da ke kwasar auduga zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa an tsige shi a shekarun da suka biyo bayan dokar 2005. A 2012 jaridar Attayyar ta bankaɗo badaƙalar Kamfanin Auduga na Sudan, magana ta kai kotu. Duk an yi. Amma an kuma ga Umar al-Bashir, bayan shekara 30 yana mulki, a gaban alƙali cikin keji, inda a watan Disamba na 2019 aka yanke masa shekara biyu kan cin hanci da riƙe kuɗin waje ba bisa ƙa'ida ba. Ko ma ba a hukunta babba ba, satarsa ba ta halatta maka taka, don kai ba daga aljihunsa za ka ɗiba ba, daga na mutumin wutsiyar tur'a ne.

Albashin da ba ya kai wata

Zalunci ne a yi wannan darasi a tsallake maganar albashi. A 2021 hauhawar farashi ta haura 300 cikin 100. Malaman makaranta sun shiga yajin aiki a ƙarshen 2022 kan albashin da ba ya sayen abincin mako biyu. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ma'aikata da dama sun yi watanni ba a biya su ba, Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, sai Janairu 2025 sojoji suka karɓe ta. A cikin wannan hali akwai ma'aikatan jinya da suka ci gaba da zuwa aiki, akwai malaman da suka adana rajista da takardun ɗalibai. Allah Ya saka musu da alheri.

Gwamnatin da ta bar ma'aikacinta da yunwa ita ma ta ci amanarsa, kuma yana da haƙƙin nema da babbar murya, ta hanyar ƙungiya da takarda da yajin aiki. Yana da damar noma, ko kiwo, ko sana'a bayan tashi. Abin da ba shi da dama shi ne ya karɓi cikon albashinsa daga hannun mai naƙuda, ko ya sayar da maganin zazzaɓin cizon sauro da aka kawo kyauta, ko ya fita karin kumallo ƙarfe goma ya dawo bayan azahar alhali tsohuwa ta biya kuɗin mota daga ƙauye tana jiran sa hannunsa. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, ajiye aikin ya fi masa.

Ku kuma da ke gaban tebur, ku nemi rasit, ku duba lambar ta yi daidai da abin da kuka bayar. In an ƙara muku sharaɗi, ku tambaya cikin ladabi a wace doka yake. In an zalunce ku, ku rubuta koke da kwanan wata, ku je ku biyu ko uku, ku kai wa shugaban ofis, ku riƙe kwafi. In maganar kuɗin jama'a ce, akwai niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, mai kula da wannan. Kada ku jefi ma'aikaci da sata a majalisa ba hujja, shi ma mutuncinsa amana ne a bakinku. Wanda kuma ya yi muku aiki tsakani da Allah, ku faɗi alherinsa a gaban jama'a, ku yi masa addu'a, ku bar kuɗin shayin a aljihunku.

Tambayoyi da aiki

1. Da bakinku, ku bayyana yadda buɗe ƙofa na dare ɗaya ya cuci mutumin kambo, alhali bai san an yi ba.

2. Manomin damina ya samu buhu 90, aka rubuta masa 50. Buhu nawa ya kamata ya fitar, nawa aka karɓa, nawa mabuƙata suka rasa?

3. Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama Inna mai neman a tsallakar da ita layin asibiti, ɗaya ya zama ɗanta mai aiki a wurin. Aji ya saurara, ya faɗi ko amsar ɗan ta tsare amana ba tare da ta wulaƙanta mahaifiya ba.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya binciko rasit ɗaya na gwamnati da ke gidansa ya zo da shi. Za mu karanta su tare, mu nemo sunan ofis, da kwanan wata, da adadin kuɗi, da lambar rasit. Wanda ya taɓa biya ba a ba shi ba, shi ma ya zo, za mu koyi rubuta takardar koke a kan nasa.